Takin Baba Tanko

Azumin bana ya faɗo tsakiyar bazara, kuma ni da na ba sittin baya ina jin sa har cikin ƙashi. Kafin azahar kwanon shagona na kasuwar Karaye ya ɗauki zafin da ko ƙadangare ba ya iya hawa, sai in sauke ƙafa daga keken ɗinki in zauna ina fifita da kwali, masu jiran ɗinkin Sallah suna harara ta ina hararar su. Shekaranjiya muna cikin haka wani babur mai ƙafa uku ya wuce ta ƙofar shago, an labta masa taki za a kai gona. Kowa ya toshe hanci, ni kuwa na bi shi da kallo har ya sha kwana. An ce azumi yakan yi shekara talatin da 'yan kai kafin ya zagayo lokacin da ya baro. Wancan karon da ya zo mana a irin wannan zafi, a bayan jaki ake kai taki, kuma wanda ya fi kowa kai shi a ƙauyenmu shi ne Baba Tanko.

Ƙauyen namu ɗan ƙarami ne a bakin kogi, nan cikin ƙasar Karaye. Kada wani ya wahalar da kansa neman sa, yana ƙarƙashin ruwan dam. Sunana Habu, ana ce mini Habu Tela, kuma gara in faɗi gaskiya tun yanzu: ni ɗan manomi ne, amma fartanya ba ta taɓa ƙaunata ba, ni ma ban matsa mata ba. Da mahaifina ya rasu ya bar mini gona guda mai kyau, da ɗorawa biyu da tsamiya a cikinta. Shekara huɗu a hannuna ta zama abin tausayi. Ƙuduji ya cinye ta, in ka tsaya daga nesa furensa ya fi dawar yawa. Sai kuma aka yi shekarar da ruwa ya ɗauke tun dawa ba ta cika ido ba. Abin da na girbe bai kai mu tsakiyar rani ba, ga mahaifiyata, ga matata Talatu da yara uku. Mai jin yunwa kuwa ba ya kawo ɗinki.

Baba Tanko mutumin Gwangwan ne, can ƙasar Rogo. Dako da jakai ya kawo shi garinmu, ya ƙulla aminci da mahaifina, ya zauna da iyalinsa. Ya yi wajen shekara ashirin a cikinmu amma ba shi da gonar kansa, sai ta aro. A ba shi saura ya gyara, da ta yi kyau mai ita ya tuna yana son abarsa. Wata ranar Laraba ya same ni a ƙofar gida. Muka gaisa, ya tambayi tsohuwa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ya sassauta murya.

"Habu, na ji rumbu ya yi ƙasa."

"Ya wuce ƙasa, Baba. Ɓera ma ya yi ƙaura."

"Ina da buhu biyar na dawa da na tara. In za ka ba ni gonar marigayi jingina, yau ma sai in kawo maka."

Jingina a wurinmu ba ta da takarda. Mai gona ya karɓi abin da zai karɓa, wanda ya bayar ya riƙe gona yana nomawa har ranar da aka mayar masa da abinsa. Sai dai akwai ƙa'ida guda da yaro da babba suka sani: in mai riƙon ya zuba taki, ko ka zo da abin fansa a hannu ba za ka karɓe gonarka ba sai ya yi damina uku a cikinta, ya mori wahalarsa. Muka je zauren Mai unguwa da goro. A gabansa Baba Tanko ya maimaita.

"Zan zuba mata taki fa, Habu. Ka ji da kunnenka."

Na ce, "Baba, in kana da zinariya ma ka zuba mata."

Mai unguwa ya yi dariya, aka shafa fatiha, aka tashi.

Azumi ya kama bayan 'yan makonni. Rana takan fito da fushinta tun hantsi. Rijiyar masallaci ta koma laka, mata suna zuwa kogi su tona yashi da ƙoƙo, su tsuguna suna jiran ruwa ya tsatso. Iska in ta kaɗo kamar daga bakin murhu take. Da la'asar gari yakan yi tsit, maza a kwance gindin itace da jiƙaƙƙen tsumma a ƙirji, babu mai ƙarfin yi wa wani gardama. Buɗa-baki kunun tsamiya ne tsararo babu sukari, ranar da aka samu ƙosai bibbiyu kuwa an yi biki. Talatu takan auna dawar Baba Tanko da ƙaramin kwano, ta share kansa da tafin hannu, abin da ya zubo ta tsince ta mayar buhu.

A cikin wannan zafi mutumin nan yake kai taki. Da an idar da sallar asuba ya ɗora wa jakansa mangala, ya bi jujin gari, ya bi turken awaki, ya kwashi tokar murhu gida-gida. Waɗanda ba su da mai kai musu taki gona ya shirya da su, ya kai musu sawu biyu, na uku nasa. Da ya ga abin ba zai isa ba, ya sayar da jaki guda, wanda ya fi ƙarfi a cikin ukun, ya saya wa wasu Fulani dawa da gishiri suka kwantar da shanunsu a gonar mako biyu. Nakan hango shi daga inuwar da nake ɗinki, yana bin bayan jakai a hankali, ƙudaje na raka shi, leɓɓansa sun tsage, miyau ya kafe fari a gefen bakinsa. In ya isa ya zazzage mangala, ya bar takin tsibi-tsibi a jere, ya juyo.

Wata rana na ce masa, "Baba, ka bari a ga watan Sallah mana. Gonar ba gudu za ta yi ba."

Ya ce, "Ruwan sama ba ya jiran watan Sallah, Habu."

Talatu na jin mu daga bayan danga. Da na shiga gida ta ce, "Ikon Allah. Mai gona a inuwa, mai jingina a rana." Na ce mata allura ma aiki ce. Ta ce ai ta gani, shi ya sa muke cin dawar mai jaki.

Ba a daɗe da Sallah ba hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin. Iska ta fara kwashe shanya da jinkar da ba ta ɗauru ba, sannan ruwa ya sauko. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasar nan ya cika gari, har tsohuwata da ba ta iya tashi ta ce a ɗage mata asabari ta shaƙa. Washegari babu wanda ya rage a gida sai marasa lafiya. Masu sungumi a gaba suna sara, masu iri a baya suna jefawa suna rufewa da diddige. Da lokacin noman farko ya yi Baba Tanko ya kira gayya, aka dama fura a manyan ƙore, ni ma na je don kada a ce. Kafin rana ta take tafin hannuna ya ɗuri ruwa, aka yi ta yi mini tsiya, wani ya ce a kawo wa Tela almakashi ya gwada ciyawar da shi. Na sha furata na koma gefe.

Dawar nan kuwa ta fito kamar ana jan ta da igiya. Ganyenta ya yi duhu don kore, karanta ya yi kauri. Masu wucewa kasuwa sukan tsaya su tambaya ko wannan ce gonar Habu Tela. In an ce ita ce, su ce Allah mai iko. Ina jin daɗi, ina kuma jin haushi, don na san ba ni ake yabo ba.

Sai marka ta shigo, wadda ita ce lokacin da yunwa ta fi cizo: tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba. Buhu biyar sun zama labari. Kwana uku a jere ana yayyafi, itace ya jiƙe, hayaƙi ya cika ɗaki ba wuta. Talatu takan shiga bayan gari ta yago tafasa da rama, ta dafa, ta kwaɗa da ɗan ƙuli-ƙuli in akwai, in babu da gishiri da barkono. Ƙaramar 'yarmu ta kwanta da zazzaɓi. Katangar bayan gida ta zube, na kafa zana a wurin. A cikin wannan hali ne mai shela ya zaga gari, ya ce gwamnati ta karɓi ƙasarmu za ta tare kogi, ma'aikata za su zo su ƙirga abin kowa don a biya diyya, kuma za a yanka mana fili a sabon matsuguni. Mun daɗe muna jin maganar dam, har mun ɗauke ta tatsuniya.

Ana gobe za a zo ɓangarenmu Mai unguwa ya aika a kira ni bayan la'asar. Na same shi a zaure ya miƙe ƙafa, kurkunu ya kumbura masa ita, ba ya ko iya takawa.

Ya ce, "Habu, ka ga halin da nake ciki, gobe ba zan iya bin su ba. Ƙasa taka ce, itatuwa naka ne, wannan ba gardama. Amma dawar da ke tsaye ta Tanko ce. Ka faɗa musu su rubuta. Na tambaya, an ce duk wanda aka rubuta wa shuka ana biyan sa, kuma yana shiga rabon fili. Mutumin nan ba shi da inda za shi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai wannan ba sai an gaya mini ba."

A lokacin akwai jita-jita a gari cewa duk gonar da aka ga suna biyu a kanta za a ce ta rigima ce, a riƙe kuɗinta. Na kwana ina juya wannan magana. Ba don na yarda da ita ba, Mai unguwa ya riga ya gaya mini yadda abin yake. Na riƙe ta ne don tana yi mini daɗi. Na gaji da tafasa, na gaji da dariyar mutane, kuma na daɗe ina mafarkin shago mai kwano a Karaye.

Da hantsi suka iso ana yayyafi. Mai rubutun wani saurayi ne da laima, ya lulluɓe takardunsa da leda. Suka auna gona, suka ƙirga ɗorawa biyu da tsamiya ɗaya. Ya dubi dawar, wadda a lokacin ta fi mutum tsayi, ya ce tun da suka fara aikin bai ga irinta ba. Baba Tanko yana tsaye taku kaɗan daga inda muke, fartanya a kafaɗa.

"Wa ke da gonar?"

"Ni ne."

Ya rubuta sunana. Sannan ya karanto daga takardarsa, ba tare da ya ɗago ba. "Akwai wani mai hakki a cikinta? Haya, ko aro, ko jingina?"

Baba Tanko ya dube ni. Ba zai yi magana ba, na sani, shi ma ya san na sani. A garinmu baƙo ba ya riga mai ƙasa buɗe baki a kan ƙasa, ko da ya shekara hamsin. Jira yake in faɗa. Na sunkuyar da kai ina kallon takalman saurayin da suka yi kaca-kaca da taɓo.

Na ce, "Gonar gado ce."

Ban yi ƙarya ba, na sha gaya wa kaina haka. Saurayin ya ja layi, ya rufe leda. Baba Tanko ya matsa ya janye musu karan dawa don su sami hanya, ya ce musu sannunku da aiki. Sannan ya juya ya shiga cikin dawarsa.

Da labari ya kai wa Mai unguwa takardu sun riga sun tafi. Na je na rantse masa cewa da kuɗi sun fito zan ware wa Baba Tanko nasa. Ya dube ni ya ce Allah ya ba ni iko. Daga ranar gaisuwarmu ba ta ƙara wuce lafiya lau ba.

Gonar tana daga cikin wuraren da za a fara haƙar ƙasa, saboda haka ba a jira kaka ba. Dawa ta yi ciki, wasu sun fara fitar da kai, aka ce nan da kwana uku katafila za ta shigo. Kwana ukun nan Baba Tanko ya yi su da adda a hannu yana sare ɗanyen kara, yana ɗora wa jakansa biyu, ko ba komai su ci. Ƙamshin ɗanyen kara mai zaƙi-zaƙi har cikin gari ake jin sa. Maƙwabta suka je suka taya shi. Ni na zauna a kan keke na ce ina da ɗinkin gaggawa, alhali wata tsohuwar riga ce nake farkewa ina mayarwa. Damina uku aka yi masa alkawari, ko ɗaya bai kai gida ba.

Kuɗi suka fito da rani. Na dangwala yatsa na karɓi na ƙasa, na itatuwa, da na dawa, wanda ya fi na itatuwan yawa. Na shiga kasuwa na sayi buhu biyar. Lokacin da ya ba ni nasa buhunan, dawa tsada take kamar magani, lokacin da na mayar kuwa ta yi araha. Abin da ya fi ba ni kunya yau shi ne, shi na aika wa ya zo da jakansa ya ɗauka.

Ya shafa buhunan ya ce, "Alhamdu lillahi. Bashi ya fita."

Na ce, "Sauran maganar, Baba, za mu zauna."

Ya ce, "Ba komai, Habu."

Ba mu zauna ba. Talatu ta tambaye ni sau biyu ina kuɗin dawar mutane, na ce mata ina ruwanta da maganar maza. Na kama shago, na sa kwano, na ƙara keke. Da aka zo rabon fili babu sunan Baba Tanko a takarda, don ba shi da gona, ba shi da shuka, gidan da yake ciki ma na aro ne. Ya ɗaure kayansa a kan jakai ya koma Gwangwan. Daga baya na ji yana ƙodago a gonakin mutane, da furfurarsa.

Yau in za a yi jingina sai an rubuta takarda, shaidu sun sa hannu, an ɗauki hoto da waya. Takin zamani kuma damina ɗaya yake yi ya ƙare, saboda haka ba mai maganar damina uku, 'ya'yana ma dariya suke yi in na ba su labarin. Ba na cikin tsofaffin da ke cewa da ta fi yanzu. A zamanin da ɗin ne na yi abin da na yi, da shaida da fatiha da komai.

Shekara tara ina cewa bayan Sallah zan je, bayan kaka zan je. Sai wani ɗan kasuwa daga Rogo ya gaya mini Baba Tanko ya kwanta, jiki ya yi nisa. Talatu ta ɗauko takalmana ta ajiye a bakin ƙofa. Na ɗinka masa riga da yadi mai kyau, na ƙulle kuɗin dawarsa da ƙari a aljihu, na hau mota. Duk tsawon hanya ina tsara abin da zan ce: Baba, Mai unguwa ya gargaɗe ni, na sani, kwaɗayi ne ya ja ni, ka yafe mini.

Na same shi a zaure kan tabarma, ya rame har na kusa kasa gane shi. 'Ya'yansa maza biyu, waɗanda suka zama magidanta, suna zaune a gefe. Suka amsa sallamata da ƙyar. Shi kuwa ya riƙe hannuna bai saki ba, ya tambayi tsohuwa, na ce ta rasu, ya yi mata addu'a, ya tambayi yaran da sunayensu. Na gyara zama zan fara, ya riga ni.

"Habu, na san abin da ya kawo ka, kuma na ji daɗi da ka zo ina da rai, ga yaran nan a zaune. Na sha gaya musu, ɗan aminina ba zai yi mini haka da son ransa ba. Mai unguwa ne ya ce ku ɓoye maganar jingina don kada a riƙe wa gari kuɗi. Ko ba haka aka yi ba?"

Mai unguwa ya rasu shekara biyu kafin nan. 'Ya'yan suka zuba mini ido. Hannun tsohon yana cikin nawa. Maganar da na tsara tun daga Karaye tana nan a bakina, ba abin da ya ɓace daga cikinta.

Na ce, "Haka ne, Baba."

Ya juya wajen 'ya'yansa. "To, kun ji da kunnenku." Ya numfasa. "Shi ma na yafe masa. Allah ya ji ƙansa, ya yi abin da yake gani daidai ne."

Ya karɓi rigar ya ɗora a cinya yana shafa ɗinkin. Da na fito da kuɗin ya ture hannuna.

"Na mene ne? Buhu biyar na ba ka, buhu biyar ka dawo mini da su. Abin da ya rage tsakanina da Mai unguwa ne, kuma ka ji na yafe. Mayar da abinka."

Na roƙe shi, ya ƙi. Na dubi 'ya'yan, babban ya ce tun da Baba ya ce a'a, a'a ne. Suka kawo mini fura, suka raka ni har bakin hanya, ƙaramin ma ya ce in yafe musu zargin da suka daɗe suna yi mini. Baba Tanko bai ga kakar wannan shekara ba.

Na iso gida ana kiran magariba, kuɗin na nan a aljihuna yadda na ƙulle su. Talatu tana alwala a tsakar gida. Ta yi mini sannu da hanya, ta tambayi mai jiki, sannan ta ce, "Malam, ka gaya masa?"

Na ce, "Ya ce ya yafe."

Ta ajiye butar. "Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."